Tambaya da Amsa: Kare Kanel daga Ambaliyar Bayanai a Sitak

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon rubuta direbobin Linux. Yaya ake hana ambaliyar bayanai a sitak ta zama ƙofar kutse cikin kanel?
Daga wani ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Kanel shi ne zuciyar tsarin Linux, direbobi su ne manhajojin da ke sarrafa sassan na'ura, sitak kuwa yankin ƙwaƙwalwar na'ura ne da kowane aiki ke ajiye bayanansa na wucin gadi. Matsalar daga rashin awo take farawa. Misali, a ce ka ware gurbin bait 64 a sitak, sai ka kwafo bait 200 da copy_from_user (aikin da ke kwafo bayanai daga manhajar mai amfani zuwa kanel) ba ka duba tsawon ba. Rarar za ta malala ta danne adireshin komawa (wurin da na'ura za ta ci gaba daga shi bayan aikin ya ƙare), kuma wanda ya tsara rarar shi zai riƙe akalar na'urar.

Kunna CONFIG_STACKPROTECTOR_STRONG kafin haɗa kanel. Wannan na sa GCC, manhajar da ke haɗa kanel, ya dasa wata lambar sirri tsakanin gurbin da adireshin komawa, a duba ta kafin aikin ya koma. In ta canza, kanel zai tsaya cak. Tsayawar ba daɗi, amma gara ita da ɓarawo ya samu cikakken iko. Sai dai kada ka saki jiki: idan wani kuskure ya fallasa lambar, maharin zai mayar da ita yadda take, ya wuce ba a gane ba.

Ƙara da CONFIG_VMAP_STACK, wanda ya shigo Linux 4.9 a 2016. Yana ajiye shafin shinge a gefen sitak, wato yankin da ba a taɓawa, don a gane in sitak ya cika ya wuce iyaka. Sitak ɗin kanel kilobait 16 ne kacal a na'urori masu tsarin x86-64. Saboda ƙanƙantarsa, manyan gurabe a ware su da kmalloc, mai ware gurbi a wajen sitak. Kunna KASLR (mai sauya wurin da kanel ke zama a ƙwaƙwalwa) da FORTIFY_SOURCE (mai duba tsawon abin da ake kwafa), ka daina kwafar rubutu da strcpy, ka koma strscpy mai kiyaye girman gurbi.