Kafin ka sauya furosesa saboda jinkirin renda

Wa alaikumus salam. Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce kana zanen gidaje a Agege da Blender, manhajar zanen 3D, kwamfutarka Core i5 ce mai RAM 8GB da katin girafik GTX 1050 Ti, rendar hoton falo ɗaya, wato fitar da hoton ƙarshe daga zanen, kan cinye maka rabin yini, kuma wani ya ce ka koma i7. Don Allah ka bar furosesar nan tukuna. Na daɗe ina wannan sana'a a Legas, na ga mutane da dama sun zuba kuɗi a nan ba su ga canjin a-zo-a-gani ba.

Fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Cycles, injin rendar Blender, yana iya aiki da furosesa, yana kuma iya aiki da kati, amma sai ka gaya masa. Shiga Preferences, sashen System, ka zaɓi CUDA, hanyar aiki da katunan Nvidia, ka sa alama a kan katinka, sannan a saitin renda ka mayar da Device zuwa GPU Compute. Akwai wani yaro da ya kawo mini tasa daga Idi-Araba yana kukan jinkiri, muka buɗe muka tarar katin a sanyaye yake, fankarsa ko motsin kirki ba ta yi, furosesa ce kaɗai ke ta fama. Ka kuma duba samples, wato yawan lissafin haske da ake maimaitawa a kowane ɗigon hoto. Blender na zuwa da 4096, alhali yawancin hotunan da ake kai wa mai gida ba sa buƙatar ko kusa da haka in ka kunna Denoise, mai share dishi-dishin hoto.

In ka yi wannan bai ishe ka ba, to kuɗinka kati za su tafi. Katunan RTX suna da wani sashe da aka ƙera musamman don lissafin yadda haske ke tafiya yana dawowa daga bango da gilashi da tayil, Blender kuma yana cin moriyarsa ta zaɓin OptiX da ke kusa da CUDA. Naka ba shi da wannan sashe. Masu manhajojin renda na Lumion da D5 Render ma a kan kati suke. Amma wanda ke aiki da injin renda na Corona a cikinmu ya sani nasa daban ne, furosesa kaɗai Corona ke amfani da ita, shi shawarar furosesar i7 ko Ryzen ta dace da shi.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ma'ajiyar katin, wato VRAM. Duk abin da ke cikin zanenka, kujeru, labule, bishiyoyi, hotunan itace da marmara da ka lulluɓa wa abubuwa, sai sun shiga cikinta kafin aiki ya tafi da sauri. Kamar ɗakin ajiya ne, komai hanzarin ɗan dako in ɗakin ya cika kaya sun tsaya a waje. Naka 4GB ne. Da ta cika, ko dai renda ta koma tafiyar hawainiya, ko ta yanke da saƙon ƙarewar ma'ajiya. Shi ya sa har gobe nake nuna wa masu zanen gidaje RTX 3060 mai 12GB, na 2021, duk da cewa 4060 na 2023 ya ɗan fi shi gudu kuma wat 115 yake ja, shi kuwa 170. Na 4060 8GB ne kawai. Ranar da aka ba ka rukunin gidaje a Lekki ko Ajah, da ciyawa da motoci da katanga, za ka gode wa ƙarin nan. Ka lura akwai 3060 mai 8GB a kasuwa, sunan ɗaya ne, kada a miƙo maka shi a farashin ɗan'uwansa.

Idan na hannu za ka saya a Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, kada ka biya sai an jona shi a gabanka. Bayan da Ethereum, kuɗin intanet da ake haƙa da katunan girafik, ta daina amfani da haƙa a Satumbar 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun cika kasuwannin duniya, wasu sun iso Ikeja an goge su fes. Ka je da filash ɗinka da manhajar GPU-Z a ciki, za ta nuna maka ainihin sunan katin da girman ma'ajiyarsa. Ka kuma je da fayil ɗin falon nan naka, a yi rendarsa kana kallon zafin. In ya haura digiri 83 na Celsius ya zauna a can, katin zai rage gudu da kansa. Ka leƙa bayansa da tocilar waya ka duba tsatsa a kusoshi, ka saurari fanka ko tana ƙara. Mai shagon da ya hana ka gwaji, ka yi masa sallama.

Sai batun wuta. RTX 3060 na son fawa-fak, wato akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, mai wat 550 da wayar fil takwas. In kwamfutarka irin siraran nan ce na ofis da ake shigowa da su tokumbo, fawa-fak ɗinta ƙarami ne, sau da yawa ma katin ba zai shiga akwatin ba. Auna kafin ka hau mota. Kuma kada ka yi rowa a fawa-fak, mara suna in ya ƙone yakan tafi da katin. Ka haɗa da UPS mai ɗan ƙarfi wanda zai riƙe ka kafin a tada janareta. In bidiyo kake fitarwa, ka sa ya riƙa ajiye hoto ɗaya-ɗaya a PNG, don in an ɗauke wuta ka ci gaba daga inda ya tsaya. Tun Afrilun 2024 da yunit ɗin wutar Band A, rukunin masu samun wuta mafi yawa, ya haura naira 200, duk awar da ka rage a renda kuɗi ne ka adana a aljihunka.

RAM kuwa, 8GB ta yi kaɗan, ka kai ta 16GB, in da hali 32GB, ka sa guda biyu iri ɗaya. SSD ba zai ƙara wa renda gudu ba, buɗe fayil da ajiyewa zai gyara.

Ka turo mana hoton cikin akwatin da takardar da ke manne a jikin fawa-fak, da lambar i5 ɗin gaba ɗayanta, sai mu gaya maka ko katin zai zauna. Allah ya sa albarka a sana'a.