Ko ya halatta a ambaci mamatanmu cikin addu'ar ranar Lahadi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni dattijo ne a wata ƙaramar majami'a a Sabon Gari, nan Maraɗi, kuma sau da yawa ni ake ba addu'ar jama'a kafin wa'azi. Cikin damina mun rasa wata uwa da ta daɗe tana riƙe da zumuntar mata. 'Ya'yanta sun roƙe ni in riƙa sa ta cikin addu'a ran Lahadi. Ƙanwarta 'yar Katolika ce, ta ce su can sun riga sun yi mata Mes, wato sujadarsu ta Jibin Ubangiji. Maƙwabtanmu Musulmi kuma suna tambaya ko mu ba mu da sadakar uku da bakwai da arba'in. Fastonmu ya ce mu ba ma yi wa matattu addu'a. To in yi shiru ke nan, kamar ba ta taɓa zama cikinmu ba? Me ya halatta, kuma yaya ake yi?

Amsa: Ɗan'uwa, sannunku da rashi. Allah ya ba ku haƙuri, ya ta'azantar da 'ya'yanta.

Kada ka yi shiru. Fastonku ya faɗi koyarwar ikilisiyarku daidai, 'ya'yan marigayiya kuma ba abin banza suka roƙa ba. Abu biyu ne suka cuɗe muku. Akwai gode wa Allah saboda wanda ya rasu cikin bangaskiya, akwai kuma roƙa masa gafara ko hutawa bayan ya rasu. Na farkon babu ɗarikar Kirista da ta hana shi. A kan na biyun ne aka yi shekara ɗari biyar ana ja-in-ja.

Roƙo domin matattu tsohon abu ne, kuma wasu daga cikin shaidunsa na farko daga nahiyarmu suka fito. Tatuliyan, malamin birnin Kartaj a Tunisiya ta yau, ya rubuta wajen shekara ta 211 cewa Kiristoci kan miƙa baiko domin mamatansu duk shekara. Monika, mahaifiyar Agustin wanda daga baya ya zama bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ta rasu a Ostiya kusa da Roma a 387. Da ɗanta guda ya nuna damuwa cewa za ta mutu a baƙuwar ƙasa, sai ta ce su binne gawar ko'ina, abu ɗaya kawai take roƙo, su tuna da ita a bagaden Ubangiji duk inda suke.

A kan wannan turba Katolika suke har gobe. Ba a yin Mes ba tare da ambaton matattu ba. A tsakiyar addu'ar keɓe gurasa da ruwan inabi, firist yakan roƙi Allah ya tuna da 'yan'uwan da suka yi barci da begen tashi, iyali kuma suna iya roƙo a yi Mes da sunan nasu mamacin, a faɗi sunan a gaban jama'a. Abin da ƙanwar marigayiya ta yi ke nan. Sun gaskata cewa wanda ya mutu cikin alherin Allah amma da sauran dauɗar zunubi a jikinsa yakan bi ta tsarkakewa kafin ya ga fuskar Allah, addu'ar masu rai kuma tana taimakonsa. Majalisar bishop-bishop da ta zauna a Filorens ta tabbatar da wannan a 1439, ta Tirent ta maimaita a 1563. Babban nassinsu yana cikin 2 Makabiyawa sura 12, inda Yahuza Makabi ya tara azurfa dirhami 2,000 ya aika Urushalima a yi hadaya saboda sojojinsa da suka faɗi a yaƙi. Suna haɗawa da 1 Korantiyawa 3:15, da roƙon jinƙai da Bulus ya yi wa Onisifaras a 2 Timoti 1:18. Ranar 1 ga Nuwamba suna bikin dukan tsarkaka, washegari 2 ga wata kuma ranar dukan masu bi da suka rasu ce, al'adar da Odilo, shugaban gidan sufaye na Kuluni a Faransa, ya yaɗa wajen shekara ta 1000.

Ikilisiyoyin bishara sun ƙi wannan, kuma da hujjarsu. Littafin Makabiyawa ba ya cikin littattafai 66 da suke karɓa. Rigimar Martin Luta ta 1517 ma a nan ta tashi, lokacin da ake sayar wa talakawa takardun rangwamen horo da sunan sassauta wa iyayensu da suka mutu. Sun karanta Ibraniyawa 9:27, cewa mutum sau ɗaya yake mutuwa, bayan haka sai shari'a. Sun karanta abin da Yesu ya ce wa ɗan fashin nan a kan gicciye a Luka 23:43, yau za ka kasance tare da ni a Firdausi. Suka ce wanda ya riga ya isa wurin Almasihu me za a roƙa masa, bayan aikin gicciye ya cika? Game da Onisifaras kuwa, nassin bai faɗi cewa ya mutu ba. (Shi Luta kansa bai kai almajiransa tsanani ba. A 1528 ya rubuta cewa mutum na iya roƙa wa mamacinsa jinƙai a keɓe sau ɗaya ko biyu, ya bar shi haka.)

Yadda ikilisiyar Ingila ta yi da batun ya fi komai kusa da damuwarka. Littafin addu'arsu na 1549 yana da roƙo domin matattu. A bugun 1552 aka cire shi. Mutane suka zauna fiye da shekara ɗari babu ko ambaton waɗanda suka riga su a addu'ar jama'a ta Jibin Ubangiji, har a 1662 aka mayar da jimla guda, aka kuma zaɓi kalmominta da lura: a yabi sunan Allah saboda bayinsa da suka bar duniya cikin bangaskiya, a roƙi alherin bin gurbinsu. Roƙon na masu rai ne, godiyar kuma saboda waɗanda suka tafi.

Mu nan Maraɗi gado biyun duk suna nan. 'Yan mishan na ƙungiyar bishara ta SIM sun sauka Damagaram a 1924, suka kafa tasha a Tsibiri kafin 1930, kuma daga aikinsu EERN, wato Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, ta fito, ita da wasu ikilisiyoyin bishara na ƙasar nan. Daga reshen da ya ƙi roƙo domin matattu suke. Katolika kuma suna da dayosis ɗinsu na Maraɗi, wato yankin da ke ƙarƙashin bishop nasu, tun 2001. Shi ya sa za ka ga ya da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, kowace da abin da aka koya mata. A ganina, mu na ɓangaren bishara mun wuce gona da iri. Don gudun kada a ce mun yi kama da wasu, mun zubar har da godiyar. Ana binne mutum ran Talata, ran Lahadi sai sanarwa guda tsakanin ta baiko da ta taron matasa, shi ke nan an shafe shi. Alhali Ibraniyawa sura 11 jerin sunayen matattu ce tun daga Habila, sura 13 aya 7 kuma umarni ne ƙarara cewa ku tuna da shugabanninku da suka faɗa muku maganar Allah, ku dubi ƙarshen zamansu, ku yi koyi da bangaskiyarsu.

To yaya za ka yi? Da Allah kake magana, don haka kada bakinka ya juya ga marigayiya ka ce "Mama, ki huta" ko "ki roƙa mana". A ikilisiyarku ba a yin haka, neman shawarar matattu kuwa Maimaitawar Shari'a 18:11 ta hana shi ga kowa. Faɗi sunanta sarai, ka kuma ambaci abu ɗaya na gaskiya da kowa ya san ta da shi, ko tukunyar da ba ta sauka a gidanta duk ranar da baƙi suka zo taro, ko matan da ta koya wa karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa. Abu ɗaya ya isa. In ka shiga jero halaye kamar maroƙi a gidan biki, addu'a ta koma kirari, kuma iyalin talakan da ya rasu watan jiya ba a ce masa komai ba suna zaune suna ji. Ga misali, ka gyara shi da bakinka:

"Ya Uba, Allah na masu rai, muna yi maka godiya saboda baiwarka wance, wadda ta yi barci cikin Almasihu. Mun gode don shekarun da ta yi tana tara matan ikilisiyar nan a gaban maganarka. Mun gaskata tana hannunka, inda babu ciwo, babu kuka. Ka share hawayen 'ya'yanta da jikokinta, ka tashe mu mu tsaya musu. Ka ba mu alherin riƙe bangaskiya har ƙarshe kamar yadda ta riƙe, domin a ranar tashin matattu mu taru da ita da dukan tsarkakanka a gabanka. Cikin sunan Yesu. Amin."

Babu jimla a nan da fastonku zai ƙi, ƙanwarta 'yar Katolika ma za ta ce amin da zuciya ɗaya. In kana son aya kafin addu'ar, Wahayin Yahaya 14:13 ko 1 Tasalonikawa 4:13-18 sun dace. Ta biyun ba ta hana kuka ba, baƙin ciki irin na marasa bege ta hana.

Abin da 'ya'yan suka roƙa, a sa ta kowace Lahadi, shi ne ban goyi baya ba. In aka yi wa gida ɗaya dole a yi wa kowa, in kuwa aka zaɓa, masu hali za a zaɓa, ka san halinmu. Ya fi kyau a ambaci suna a Lahadin farko bayan jana'iza da kuma Lahadin da ta fi kusa da cikar shekara, sauran makonni a yi jimla guda ta godiya saboda dukan waɗanda suka riga mu. Ku sayi littafi, magatakarda ya riƙa rubuta suna da ranar rasuwa, sau ɗaya a shekara a karanta sunayen duka, ko a Lahadin farko ta Nuwamba bayan an gama kai gero rumbu, ko a sujadar daren ƙarshen shekara. Kada a ɗora ko dala a kan wannan. Iyalin da suka so kawo baikon godiya su sa a kwando kamar kowa, ba tare da an yi shela ba. Addu'ar da ta ce "ka tashe mu mu tsaya musu" kuma tana da aiki a bayanta, domin Yakubu 1:27 ya sa kula da marayu da gwauraye cikin ainihin addini.

Akwai wani wuri mai wuya da za ka tarar nan gaba. Da yawa cikinmu iyayensu ko 'yan'uwansu sun rasu ba Kiristoci ba, kuma wata rana ɗaya zai zo ya ce ka ambaci mahaifinsa. Kada ka yanke wa mamacin hukunci a gaban jama'a, ko na sama ko na ƙasa, ba kai ke da mabuɗin ba. Gode wa Allah saboda uban da ya ciyar, ya yi tarbiyya, ka roƙa wa ɗan ta'aziyya, ka tsaya inda Ibrahim ya tsaya a Farawa 18:25, cewa Mai shari'ar dukan duniya zai yi abin da ke daidai.

Maƙwabta kuwa, ka amsa musu da ladabi cewa Littafi Mai Tsarki bai ɗora mana kwana uku ko bakwai ko arba'in ba. Kiristocin Otodoks na Girka da Masar da Habasha suna taron kwana arba'in bisa tasu al'ada. In iyalin suna son su tara mutane a gida, a yi karatu da waƙa da godiya, a ci abinci tare da maƙwabtan da suka zo gaisuwa, babu laifi, muddin ba su ci bashi don yin sa ba, ba su kuma ɗauka abincin zai ƙara wa marigayiya wani abu a wurin Allah ba. Kafin Lahadi ka rubuta addu'arka a takarda ka kai wa fasto ya duba, sannan ka sanar da 'ya'yan ranar da za a yi, su gayyaci ƙanwar uwarsu.