Mangwaron da ka dasa bai mutu ba tukuna

Malam, kai da kace ka ciro babban mangwaro daga gona ka dasa a gidanka a Gusau yanzu ganye na ta zuba, kwantar da hankalinka, yawancin ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa an baro su can wajen tono shi yasa. Ka ɗan kankare ɓawon reshe da farce, in kaga kore da danshi to da ransa.

Ruwa ne babban aikin. Yi mai kwalbati zagaye da gindi ka riƙa cikawa da yamma ya nutse sosai, ba yayyafi ba, amma fa tura yatsa cikin ƙasar tukuna, in akwai laima bari sai gobe don ruwa in ya kwanta saiwa ruɓewa take. Sai ka baza ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa sama, kar ya taɓa jikin iccen saboda gara.

Takin zamani na Yuriya kam a'a, ƙona sabbin saiwoyi take. Kafa mai turaku iska kar ta girgiza shi, in yayi fure bana a tsinke. Gaskiya dai dashe a zafin Afrilu ganganci ne, Yuni ko Yuli yafi.