Tambayi Mai Gyara: Firij na sanyi amma ya daina zubo ƙanƙara

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, ina wuni ya aiki ya zafi. Don Allah shawara nike nema. Maigida ya sayo muna wani babban firij mai ƙofa biyu ɗan Kwatano, irin wanda ke yin ƙanƙara da kanshi sai dai ka kara kofi ga ƙofa ta zubo. Gidan da munka taso bene ne muna zaune ƙasa, can lafiya lau yake yi, amma tunda munka dawo sabon gidanmu yau wata biyu ko ƙwara ɗaya bai ba mu ba, ruwan sanyin ma ɗis ɗis yake zuwa. Nama da kifi kam suna daskarewa kamar dutse. An kawo wani mai gyara ko buɗe bayanshi bai yi ba ya ce gas ya ƙare sai an ɗura. Ga azumi ya ƙarato kuma ka san zafin garinga. In bari a ɗura ko mi za ni yi?
Daga wata uwargida, Gesse, Birnin Kebbi.

AMSA: Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya sanya alheri a sabon gida. Kar ki bari a taɓa gas ɗin nan. Ke da bakinki kin ce nama na zama dutse, to me ya daskarar da shi in babu gas? Gas ɗin firij ba irin na girki ba ne da ake ƙonawa ya ƙare, zagayawa yake cikin bututu a rufe shekara da shekaru, in ya ragu to wani wuri ya huje, kuma wanda ya ɗura bai nemo hujin ya toshe ba, ya zuba ruwa a kwando ne da kuɗinki. Abin na ba ni haushi wallahi, duk ciwon da firij ya yi a ƙasar nan sunansa "gas ya ƙare", kamar yadda kowane zazzaɓi sunansa maleriya da taifot.

Ni inda hankalina ya tafi tun ina karanta wasiƙarki shi ne maganar bene da kuma ɗis ɗis ɗin nan. Bari ki ji yadda abin ke aiki. A bayan firij daga ƙasa akwai wani ɗan bawul mai aiki da wuta, siririn tiyon ruwa na shiga cikinsa. In lokaci ya yi na'urar ƙanƙarar sai ta buɗe shi na 'yan sakanni, bakwai ko makamancin haka, ruwa ya hau ya cika faranti, ya daskare, ta juye shi cikin bokitin da ke ƙasa ta sake kiran ruwa. To ita ba ta san faranti ya cika ko bai cika ba, lokaci kawai take ƙirgawa, saboda haka dole ruwan ya zo da ƙarfi. Wasu masu ƙera irin wannan firij suna rubuta cewa mafi ƙarancin ƙarfin ruwa shi ne psi 20 a ma'aunin ƙarfin ruwa, wato wajen 1.4 a ɗaya ma'aunin da ake kira ba (bar). Su can ƙasashen da aka yi shi dominsu ruwan famfo da ƙarfinsa yake shigowa gida, mu kuwa bohol ne da tankin roba a kan ƙarfe. Lissafin mai sauƙi ne, kowace mita 10 ta tsayin tanki tana ba da kusan ba 1, kenan sai tankinki ya kai tsayin mita 14 kafin ya ba da abin da firij ke nema. Ki leƙa tsakar gida ki dubi naku, na tabbata bai wuce mita huɗu ko biyar ba. A wancan gidan tanki na can ƙololuwar bene kuna ƙasa, shi ya sa yake ta maneji, nan kuwa ruwan ko hawa tiyon da kyar yake yi.

Ga gwajin da za ki yi da hannunki ba sai an kira kowa ba. Ki buɗe ɓangaren firiza, ki fara duba ko na'urar a kunne take ma, don a wajen ɗaukar kaya ana yawan ture ta. Wasu suna da wani hannun waya a gefe, in yana sama a kashe take sai ki sauke shi, wasu kuma maballi ne ko a allon ƙofa ki ga an rubuta Ice Off yana haske. Sannan ki ɗebo ruwa kamar rabin kofin shayi ki zuba a farantin a hankali kar ya tumbatsa, ki rufe ƙofa ki hana yara buɗewa. In akwai wuta tsayayya, bayan awa biyu zuwa uku ki saurara, in kin ji ƙwal ƙwal ƙanƙara ta faɗo cikin bokiti to na'urarki ƙalau take, ƙishirwa ce kawai ke damunta. Maganin shi ne mai aikin famfo ya sa muku ɗan ƙaramin injin ƙara ƙarfin ruwa, busta, a kan layin da ke zuwa kicin, irin mai tashi da kansa in an buɗe ruwa.

Amma kafin a sayi busta a jawo firij ɗin gaba a duba bayansa. Na taɓa zuwa wani gida an yi ta faɗa da wanda ya sayar da firij har ana maganar mayar masa da kayansa, ina jawowa sai ga tiyon ya lanƙwashe an matse shi da bango kamar an ɗaure wuyan buhu, na miƙe shi, shi kenan aikin, har kunyar karɓar kuɗin mai na ji. A duba kuma ɗan famfon da aka jona tiyon a jikinsa ko an buɗe shi har ƙarshe. Sai filta, wadda ake so a canza duk wata shida, ɗan Kwatano kuwa Allah kaɗai ya san shekarun da ta yi a ciki, ga ruwan bohol da yashi-yashi. Filtar da ta toshe tana cinye ɗan ƙarfin da ya rage. A wasu firij ɗin ana iya cire ta a gwada a gani ko ruwan ƙofa zai ƙaru, wasu sai an sa murfi na musamman a gurbinta.

Wani abin da rashin ƙarfin ruwa ke jawowa, bawul ɗin ba ya rufuwa ruf sai ya riƙa ɗiga, ɗigon ya daskare a bakin bututun da ke zuba ruwa a faranti har ya toshe shi gaba ɗaya. Ki haska da tocilan waya, in kin ga farar ƙanƙara ta cushe bakin, ki zare wuta daga soket ki jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ki riƙa dannawa, ko handiraya daga nesa-nesa kar robar ta narke. Wuƙa ko sukundireba kam a'a.

To in kin zuba ruwa da hannu ya daskare amma bai faɗo ba fa? Nan sai a dubi sanyi. Nama na iya yin tauri alhali sanyin bai kai yadda na'urar ke so ba, ita tana jira sai farantin ya yi sanyi sosai kafin ta juye, kuma firiza ana so ta zauna a digiri 18 ƙasa da sifili. A Birnin Kebbi watan Maris da Afrilu zafi na haura digiri 40, in aka haɗa da wutar da ake kawowa awa uku a ɗauke, firiza ba ta gama hucewa ba an sake mayar da ita baya. Ki duba takardar da ke manne a jikinsa, wurin da aka rubuta ajin yanayi. In T ne an yi shi don zafi har digiri 43, ST 38, N da SN kuwa 32 kacal, kuma da yawan na gwanjon Turai N ko SN ne, a kicin ɗinmu wahala suke sha. A wannan takardar ki duba bolt ma, namu 230 ne, na Amurka 115 zuwa 120, shi sai da taransifoma mai rage wuta kuma mai girman da zai ɗauke shi. A share ƙurar hunturu da ta lulluɓe ragar baya ko ta ƙasa, a bar tazara tsakaninsa da bango.

Sai an wuce duk wannan ne za a zargi motar na'urar ko bawul ɗin kansa, wannan kam aikin mai gyara ne mai mita a hannu. Da yawan Samsung da LG suna da ɗan maballin gwaji a jikin na'urar, in an danna za ki ga farantin ya juya, in bai motsa ba an san inda za a nufa. In ta dawo aiki ki ba ta kwana guda, ki zubar da zubin farko biyu ko uku.

TAMBAYA: Malam ni ƙanƙarar leda nike saidawa da zoɓo, firiza ta kwance gare ni, kwanan nan sai gari ya waye rabi ruwa rabi ƙanƙara.
Daga wani matashi, Jega.

AMSA: Ɗan'uwa ina jin lodi ka ƙara don kasuwa ta buɗe. In ka cika ta maƙil da ledojin ruwan da ya wuni a rana, ba firizar gida da za ta daskarar da su a dare ɗaya. Ka rage zuwa rabi ka jera su jikin bango ka gani, zoɓon kuma ya huce sarai kafin ya shiga. Ka sa takarda a bakin murfi ka rufe ka ja, in ta zare salin alin robar ta mutu a canza ta. In kwamfuresa na yin ƙas ya tashi ya mutu bayan 'yan sakanni, ko wuta ta yi ƙasa ko ɗan rilen da ke tada shi ya ƙone, kashe ta ka nemi sitabilaiza mai jinkirin minti uku kafin ka kira mai gyara ya auna rilen.