Wace ce matar da ta fito a Lysa Arryn?

Tambaya: Malam, na kalli Game of Thrones, matar da ta fito a Lysa Arryn ta tsaya mini a rai, ta ba ni tsoro kuma ta ba ni tausayi. Amma tun da aka jefo ta daga Ƙofar Wata (Moon Door, ramin nan da ke tsakiyar fadarta) ban sake jin ɗuriyarta ba. Wace ce ita, me kuma ya hana ta zama babbar tauraruwa?

Amsa: Malama, sunanta Kate Dickie, 'yar ƙasar Sikotland ce, haifaffiyar East Kilbride a 1971. Babu abin da ya hana ta. Ke ce kika gamu da ita a gidan biki, alhali gidanta na wani wuri: dandamalin wasan kwaikwayo da ƙananan finafinai masu zaman kansu, waɗanda ba manyan kamfanonin Hollywood ke zuba musu kuɗi ba.

A Gilasgo ta yi karatun wasan kwaikwayo, a makarantar da yanzu ake kira Royal Conservatoire of Scotland, ta kuma shafe shekaru tana wasa gaban jama'a ido da ido. A dandamali babu "a yanke a sake". In ka yi tuntuɓe, kowa ya gani. Tana da kusan shekara 35 kafin ta ja ragamar fim.

Fim ɗin shi ne Red Road na 2006, na farko mai tsawo da Andrea Arnold ta ba da umarni. Dickie ta fito a Jackie, ma'aikaciyar ɗakin sa ido kan kyamarorin tsaro na birnin Gilasgo. Aikinta ke nan, zama gaban bango cike da allunan talabijin. Rannan sai ta hango wani mutum a allo, wanda ya yi sanadin mutuwar mijinta da 'yarta, an sako shi daga kurkuku. A nan nake so ki lura da kyau. Ba ta yi ihu ba, ba ta zubar da hawaye ba. Hannunta na kan sandar juya kyamara, ta matso da hoton, hasken allon na wasa a fuskarta, idonta ya ƙi ƙiftawa. Mai kallo bai san laifin mutumin ba sai can wajen ƙarshe, amma ya riga ya ji a jikinsa cewa akwai wuta a ƙasa. A ganina wannan shirun ya fi duk kururuwar Lysa wuyar yi. Fim ɗin ya ci kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes da ke Faransa, ita kuma ta karɓi kyautar gwarzuwar 'yar wasa ta BAFTA (ƙungiyar fim da talabijin ta Birtaniya) reshen Sikotland da ta finafinan Birtaniya masu zaman kansu.

Wata da ta samu wannan ɗaukaka da sai ta haɗa kayanta ta nufi Amurka. Ita sai ga ta a 2007 ta koma dandamali da National Theatre of Scotland, kamfanin wasan kwaikwayo na ƙasar Sikotland, a wasan Aalst, wanda aka gina kan shari'ar gaske ta wasu iyaye a Beljiyam da suka kashe 'ya'yansu biyu a ɗakin otal. Ta fito a uwar, tana amsa tambayoyin alƙalin da muryarsa kawai ake ji.

Kin ga zaren? Uwa da rashin ɗa. Shi ne a The Witch na Robert Eggers a 2015, inda jaririnta ya ɓace a bakin daji, shi ne kuma a Couple in a Hole, inda ita da mijinta suka tare cikin rami a wani dajin Faransa bayan mutuwar ɗansu. Lysa ma, in kin tuna, tsoron rasa ɗanta ne ya haukata ta.

Ta leƙa manyan finafinai, kamar Prometheus a 2012, amma ƙaramin matsayi aka ba ta. In kina son ganin iyakar ƙarfinta, fara da Red Road. Sai dai ki bari yara su yi barci tukuna, akwai wurin da bai dace da idonsu ba.