Amsa kan koyar da sadarwar da ba ta baki ba tsakanin al'adu

Malama, kin tambayi yadda za ki koyar da ɗaliban kwaleji sadarwar da ake yi da ido da hannu da fuska, tunda kin lura suna haddace jerin ƙasashe da alamominsu su zuba miki a jarrabawa, amma idan suka ga mutum biyu suna magana ba sa iya fitar da komai. Na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma a ganina amfanin jerin nan bai wuce makon farko ba. Ɗalibai suna jin daɗin sanin cewa a Bulgeriya gyaɗa kai yana nufin a'a, ko cewa zoben da ake yi da babban yatsa da manuniya yana nufin komai lafiya a Amurka, sifili a Faransa, kuɗi a Japan, a Brazil kuwa zagi ne. Sai dai wanda aka tsayar da shi a nan zai ɗauka duk mutanen ƙasa guda halinsu ɗaya.

Abin da ya fi yi mini aiki shi ne darasin tazara. Edward T. Hall, wanda ya horar da jami'an diflomasiyyar Amurka, ya bayyana a littafinsa na 1966 cewa tazarar da ke tsakanin masu magana kashi huɗu ce: ta kusanci zuwa kimanin santimita 45, ta abokai zuwa mita 1.2, ta hulɗar aiki zuwa mita 3.6, sai ta gaban taro. Kafin in faɗa musu waɗannan alƙaluma, nakan tsayar da ɗalibi ɗaya, wani ya riƙa matsowa a hankali har sai na tsayen ya ce ya isa, sannan a auna da tef a rubuta a allo. Nakan ce 'yan aji su dubi ƙafafun na tsayen, domin tun kafin ya buɗe baki za a ga ya ja diddige baya, ya karkata kafaɗa, ya kau da ido. Idan allo ya cika, su da kansu suke ganin cewa a aji ɗaya ma awon ya sha bamban, gwargwadon jinsi da shekaru da sabo, kuma a lokacin nake gaya musu cewa Hall a kan wani rukunin Amurkawa ya yi awonsa. Kada a tilasta wa kowa shiga, musamman idan akwai taɓa jiki.

Bayan haka ina nuna ɗan gajeren bidiyo a kashe sauti, kowa ya raba takardarsa biyu, gefe ɗaya abin da ya gani, ɗaya gefen abin da yake zato. Nan ne wahalar take, domin ɗalibi zai rubuta "ƙarya yake yi" a gefen gani, alhali abin da idonsa ya gani kawai shi ne mutum ya sunkuyar da kai, wanda a wata al'adar ladabi ne, a wata kuma ana ɗaukarsa rashin gaskiya. Jarrabawata ma a kan wannan rarrabewa take.

Za su tambaye ki ko akwai abin da duk 'yan Adam suka yi tarayya a kai. Binciken Paul Ekman a tsakanin ƙabilar Fore ta Papua New Guinea ya nuna ana gane fushi da farin ciki da ƙyama a fuska ko'ina, ko da yake wasu masana suna jayayya da shi. Wanda ya fi burge ɗalibai shi ne gwajin da aka nuna wa ɗaliban Japan da na Amurka fim mai tayar da hankali: suna kaɗai fuskokinsu iri ɗaya ne, amma da mai binciken ya shigo ya zauna, na Japan suka fi rufe damuwarsu da murmushi.

Ki kuma yi hattara da maganar nan da ta cika intanet, wai kashi 93 cikin ɗari na sadarwa ba da kalmomi ake yi ba. Daga gwajin Albert Mehrabian na 1967 aka ciro ta, shi kuwa a kan kalma guda ya yi shi, inda murya ko fuska ta saɓa wa abin da aka furta, kuma shi da kansa ya ce bai shafi kowace irin magana ba.