Amsa ga ɗan'uwa a Katsina kan kadarkon ƙarfe

Malam, ka tambaya yadda mu na Maraɗi muka san aikin gadar jirgin ƙasa alhali ba mu da tsohon layin dogo. Gaskiyarka, ba mu da shi. A da, gyaɗarmu sai ta tsallaka iyaka ta riski jirgi a Kano, inda dogo ya iso a 1911. Masu walda a nan dai kullum suna ɗaura rufin shaguna da manyan ɗakunan ajiya da dabarar da ke riƙe da gadar Makurɗi ta 1932, wato a jera ƙarafa kusurwa uku-uku. Mu kadarko muka fi cewa maimakon gada, kuma awonmu da mita ne, ba mu lissafi da ƙafa.

In jirgi ya hau gada irin wannan, ƙarfen sama matsuwa yake yi, na ƙasa kuma ana jansa, na gicciye su kai nauyin bisa ginshiƙai. Shi ya sa na sama yake son kauri, don siriri lanƙwashewa zai yi.

Inda muka bambanta da maginan zamanin da shi ne wajen haɗa ƙarafan. Mu walda muke yi, su kuwa ƙusa mai zafi suke bugawa. Mutum huɗu ne: ɗaya ya gasa ta har ta yi jajir, ɗaya ya cafe ya zura ta cikin hudar farantin haɗi, ɗaya ya tokare kanta ta baya, na huɗu ya daki bakinta har ya zama kai. Tana hucewa sai ta tsuke, ta damƙe farantan gam. Wadda aka buga bayan ta fara sanyi ba ta cike hudar. Ana gane ta da 'yar guduma, don ƙararta daban take, sai a sare a sake.

Abin da ya fi damunmu zafi ne. Ƙarfe mai mita 50, in zafinsa ya ƙaru da digiri 40, yakan miƙe da milimita 24. Don haka ake kafe gefe ɗaya, ɗayan a ɗora shi kan ƙarafa masu mirginawa. In ƙurar hunturu da tsatsa suka cushe su, kadarko ya rasa wurin motsi, sai ya riƙa tura ginshiƙi har ya tsage.

Ga kuma ruwa. Gulbin Maraɗi yashi ne da rani, amma da damina yakan kwashe ƙasar gindin ginshiƙi. Layin Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa, duk inda zai ƙetare rafi irin wannan, zurfin tushe za mu fara tambaya.